Ƙwaryar Goggo Ba Ta Tsoron Ruwa

Wanda ya ba mu aron Goggo ya karɓi abinSa ranar wata Talata da hantsi, tana zaune a kan tabarmarta, garwashin kaskonta ma bai mutu ba. Yayar mahaifina ce. Ita ta riƙe ni tun ranar da aka binne shi ina ƙarama, ita ta aurar da ni, kuma a hannunta na koyi abu biyu da nake ci da su har yau: zanen ƙwarya da kiɗanta.

Ban san Goggo na da mutane haka ba sai da aka zauna makoki. Matan Fulani masu nono suka cika tsakar gida har ba wurin taka ƙafa. Wata tsohuwa a cikinsu ta sauke ƙwaryarta a gabana, ta juya ta, ta ɗora yatsa a kan wani tsohon ɗinki. Ta ce, "Wannan ya girmi 'yata ta fari, ko ɗigo bai taɓa zubarwa ba." Daga nan kuka ya ci ƙarfinta. Wata mai tukwane ta taso tun daga Zango a kan babur, ƙafafunta a kumbure. Wasu mata sun tsallako iyaka ta Kongolam, ban taɓa ganinsu ba, amma sun san inda randar Goggo take. Tsohon maƙerin da ke ƙera mata ƙarafan zane ya zauna a ƙofar gida kwana uku, bai ce wa kowa uffan ba ban da amsa gaisuwa.

Mutum ɗaya ne kukansa ya fi na kowa ƙara: Baffa, ƙanenta, autan ɗakinsu. Babbar riga sai ƙamshi, yana share ido da hankici yana cewa, "Yayata! Uwata!" Mutane suna ta ba shi haƙuri. Ni kuwa daga bayan labule nake kallonsa. Kafin a yi sadakar uku ya shiga ɗakinta ya fito da ƙarafan zanenta a naɗe cikin fatarsu, ya ce zai adana kada su ɓace. Ranar bakwai ya miƙe a gaban jama'a ya ce idan baje kolin sana'o'in hannu na bana ya zo, zai kafa rumfa guda da sunan marigayiya, ya baje aikin hannunta na ƙarshe don duniya ta gani. Aka yi ta sa masa albarka.

To, dalilin wannan rubutu ke nan. Ina so kada a manta da Goggo, ina kuma so kada a manta da abin da aka yi mata. Ba ta bar gida nata na kanta ba, ba ta bar gona ba. Sunanta kawai ta bari, shi ne kuma Baffa ya tashi ya rataya a rumfarsa. Malamin unguwarmu ya ce mini in yafe, mamaci ba ya son a tayar da rigima a bayansa. Na ce, "Allah gafarta Malam, na ji. Amma ba yanzu ba."

Gidanmu gidan gyartai ne, masu zane da ɗinkin ƙwarya, tun kakannin kakanni. Bayan girbi ake kawo mana duma daga gonakin wajen Sandamu da Baure, a fafe, a kankare cikin, a shanya. Sai a sa ƙarfe a garwashi har ya yi ja, a ja layi a bayan ƙwarya, hayaƙi na tashi. Duk wanda ya taso a gidan nan ya san warin nan, yana kama zane da gashi, ko an yi wanki ba ya fita. Muna da alamarmu da ake kira sawun zabuwa: layi uku ne da suke haɗuwa a ƙarƙashin baki, a zagaye ƙwaryar. Kakanmu ya so 'ya'yansa maza su gaje shi. Mahaifina ya bi tuƙin mota, Baffa ya bi fataucin roba da kwanukan silba ta kan iyaka. Goggo ce ta zauna a gaban wuta, yatsunta duk tabon ƙuna.

Tana da doka ɗaya da ba ta ɗaga wa kowa: ƙwarya ba ta fita gidan nan sai ta yi wanka. In an gama zane sai a nutsa ta a ruwa, ta wuni ta kwana, ɗacin duma ya fita, baƙin ƙuna ya zauna. Na tuna wata hajiya da ta aiko a yi mata masaki, babbar ƙwaryar nan, don kayan 'yarta. Ta zo da kanta ana gobe biki, mota na jiranta a waje.

"Goggo, ai ga shi an gama, a ba ni mana."

"Bai yi wanka ba."

"Haba Goggo, ado kawai za a yi da shi a ɗaki!"

Goggo ta tauna goronta, ta dube ta sama da ƙasa. "Hajiya, in hoto kike so, ga masu hoto can bakin tasha. Ni ƙwarya nake yi. Ki dawo gobe."

Hajiya ta fita tana masifa. Washegari ta dawo.

Faɗa kam Goggo ta iya. Ba ta shan ruwa a kofin roba, ko a gidan wa. In an miƙo mata sai ta ce, "Na gode, ba na jin ƙishi," alhali leɓenta a bushe. Ta taɓa korar wani dillali da muciya saboda ya ce ta riƙa rage zurfin layi don aiki ya yi sauri. Amma in Bafulatana ta shigo da fasasshiyar ƙwarya ido ya raina fata, don tsoron abin da za ta tarar a ruga, Goggo kan ajiye duk abin da take yi ta ɗauki basilla da zare. Ba ta karɓar komai. "Zuba mini ludayi ɗaya in jiƙa maƙogwaro," shi ke nan. Ni kaina sau nawa ta ture mini tuwonta ta ce ta ƙoshi. Sai da na girma na gane ƙarya take yi.

Kiɗa kuwa, wayyo Goggo! In ana suna ko biki a unguwa, ita da ƙawayenta biyu ake kira. A kifa masaki a ƙasa, a jera ƙanana, a kawo babban baho da ruwa a kifa ƙaramar ƙwarya a kai, ita ce ake kira tulluwa. Kafin ta ɗora sanda sai ta nutsa tulluwar sau uku, ta shafe bayanta da tafin hannu. Takan ce mini, "'Yar nan, sai ta sha ruwa take magana." In ta fara, tsofaffin da ke kukan ciwon gwiwa su ne farkon miƙewa. Ta zaunar da ni a gefenta tun hannuna bai iya zagaye sanda ba. In na kuskure ba ta magana, sandar ce kawai za ta sauka a bayan hannuna, kiɗa bai tsaya ba.

Akwai wani ƙoƙo da ba ta rabuwa da shi, ƙarami, ya yi ja don tsufa, sawun zabuwarsa a karkace. Shi ne abu na farko da ta taɓa zanawa. Mahaifiyarsu ta rasu Baffa yana goye, Goggo ce ta yaye shi, a wannan ƙoƙon ta riƙa ba shi kunu. Babban tabon da ke tafin hannunta na dama ma nasa ne: ya rarrafo zai kama jan ƙarfe, ta riga shi kamawa. Da ya girma ya bar ƙoƙon, ita ta ci gaba da shan ruwa da shi. Ku riƙe wannan, don ku san ko wane ne ya yi mata abin da zan faɗa.

Shekarun baya wasu masu hannu da shuni suka haɗa kwamiti suka fara baje kolin sana'o'in hannu a wani fili da aka kewaye da katanga a gefen gari. Baƙi na zuwa daga Katsina da Kano, har da na Abuja masu ɗaukar hoto da waya. Baffa ya riga ya zama Alhaji mai shaguna, aka sa shi a kwamiti. Shekarar farko Goggo ta samu rumfa. Ta baje ƙorai da ludaya, da rana ta yi sanyi ta jawo baho ta fara kiɗa don mutane su ji yadda kayanta ke magana. Filin ya watse ya dawo gabanta. Baffa yana can da manyan baƙinsa, ya waiwayo ya ga yayarsa zaune a ƙasa, ɗankwali ya zame, ana tafi ana guɗa.

Ya zo fuska a murtuke. "Yaya, me ke nan? Da girmanki, a gaban maza? Kin san su wane ne nake tare da su?"

Ta ce, "Auta, matsa, ka tare mini iska."

Aka yi dariya. Dariyar nan ce bai yafe ba. Washegari da safe muka iso muka tarar an ba wani rumfarmu. Masu gadi suka ce umarni ne daga sama, wai an hana kiɗa don yana zubar da mutuncin taro. Suka kwashe kayanmu suka watso ta ƙofa. Ina tsaye, da idona na ga Baffa ya zo wucewa, ƙoƙon nan ya gangaro gabansa, ya sa takalmi ya ture shi gefe. Ƙoƙon ya bugi katanga ya tsage daga baki har gindi. Bai ko duba ba. Wallahi da Goggo ba ta riƙe mini hannu ba, da ranar an kai ni ofishin 'yan sanda.

Ba ta yi kuka ba. Ta tsinci ƙoƙon ta ɗaure a bakin zane, ta dubi wata tsamiya da ke bayan katangar, ta ce, "Ɗauko bahon." A nan muka zauna. Ta nutsa tulluwa sau uku, ta fara. Kafin azahar tsohon maƙeri ya kwaso kayansa ya fito, ya ce shi ma rumfar ciki ta yi masa zafi. Mai tukwanen Zango, da aka ce kayanta sun yi ƙauyanci, ta dawo kusa da mu. Masu saƙar faifai suka biyo, sai wani majemi, sai masu fura. Haka kasuwar bayan katanga ta fara. Ba kwamiti, ba lasifika, ba kujerar manyan baƙi. Kowace shekara in na ciki sun buɗe, mu ma mu buɗe, kuma kowa ya san inda mutane suka fi tsayawa.

Goggo ba waliyyiya ba ce, kada in yi muku ƙarya. Duk lokacin da motar Baffa za ta shiga ƙofar filin sai ta canza kiɗa zuwa wanda ake yi wa yaro mai koyon tafiya, mata su fashe da dariya, shi kuwa ya ɗaga gilashi. Ƙoƙon kuma ta ɗora shi a kan taga ta ƙi taɓawa. Na ce mata, "Goggo, kin ɗinke na duk garin nan, wannan fa?" Ta ce, "Duk ƙwaryar Daura a kawo mini. Ban da wannan." Da Sallah yakan aiko mata da shinkafa da atamfa, ta raba wa maƙwabta ko buɗewa ba ta yi. Bai taɓa zuwa da ƙafarsa ya ce Yaya yi haƙuri ba. Har ta koma ga Allah.

Bayan arba'in na shiga gyaran ɗakinta, na ɗauko ƙoƙon daga taga. Sai na ga basilla a soke a jikinsa, an yi ɗinki uku daga baki an tsaya. Ban san yaushe ta fara ba. Na zauna a ƙasa na yi kukan da ban yi ba ranar jana'iza. Da wata mai hankali ce, da ta ce wannan saƙo ne, Goggo ta sauko, ke ma ki sauko. Ni ban ga haka ba. Abin da na gani shi ne tsohuwa ta jira ƙanenta har hannunta ya fara yafe masa, shi kuwa ko leƙowa bai yi ba.

Ranar da aka buɗe baje kolin bana na shiga ciki da safe, karo na farko tun da aka kore mu. Ga rumfar Baffa a tsakiya, ga ƙyalle da sunan Goggo da manyan haruffa, ga ƙarafanta an jera a kan farin yadi kamar kayan lefe. Ƙorai kuwa sun fi ƙarfin ƙirga, sai sheƙi suke, kowace da sawun zabuwa. Goggon da hannunta ke rawa a shekararta ta ƙarshe, yaushe ta yi wannan duka? Na ɗauki ɗaya na kai hanci. Ba warin ƙuna, sai man gyaɗa. Na bi layin da babban yatsa. Sumul, ba rami. Layin wuta kuwa ko makaho ya shafa ya san yana nan. Tawada ce, irin ta gawayi da ƙaro, aka sa wasu suka zana da alƙalami aka goge da mai. Baffa ya san baƙinsa bango suke kai ƙwarya su rataya. Ya daɗe da barin gida har ya manta me ake yi da ita.

Na sa fara'a. Na durƙusa na gaishe shi a gaban mutanensa.

"A'a, ɗiyata! Kin ga yadda na ɗaukaka sunan Yaya ko?"

"Na gani, Baffa, Allah ya saka. Wannan ƙaramar ma aikinta ne?"

"Da hannunta. Ita ce ta ƙarshe da ta zana."

"To Baffa, a ba ni ita in yi wa Goggo kiɗan ban kwana da yamma. Ka zo da baƙinka, su ji muryar aikinta."

Ya so ya ƙi, don kiɗan nan shi ne abin da ya kore mu a kai. Amma wata baƙuwa mai gilashi ta riga ta ce, "Kai, Alhaji, lallai mu je!" Ya miƙo mini ƙwaryar yana yaƙe.

Bayan la'asar gindin tsamiya ya cika. Ƙawayen Goggo biyu suka zauna dama da hagu, na bar tabarmarta a shimfiɗe ba kowa a kai. Matan Fulani sun zo, mai tukwane ta zo, maƙeri yana tsaye da sandarsa. Baffa ya iso da baƙinsa, aka ba su benci, wayoyi suka tashi sama. Na fara da tsohuwar tulluwar Goggo, wadda ta yi shekaru tana shiga ruwa. Na nutsa ta sau uku, na ɗaga kowa ya ga zanenta baƙi ƙirin yana ɗiga, ruwan baho garau. Muka yi kiɗa ɗaya. Mata suna rawa suna share hawaye.

Sai na ɗaga ta Baffa. Na ce, "Jama'a, wannan Baffana ya ce ita ce ta ƙarshe da Goggo ta zana. Ko ba haka ba, Baffa?"

Ya gyaɗa kai.

Na nutsa ta. Na ɗaya, mai ya taso saman ruwa. Na biyu, na shafa bayanta da tafin hannu kamar yadda aka koya mini. Na uku, na ɗago ta fara fat, ba sawun zabuwa ko ɗaya, baƙin ruwa yana bin hannuna har gwiwa. Na ɗaga tafina na juya shi kowa ya gani.

Tsohuwar Bafulatanar nan ce ta fara magana. "Wannan ba hannun Goggo ba ne! Wallahi ba nata ba ne!" Wuri ya kaure. Baƙuwa mai gilashi ta ciro wadda ta saya daga jaka, ta tsoma a bahon da kanta, ta dubi yatsunta, ta dubi Baffa. Maƙeri, wanda bai yi magana ba tun makoki, ya ce, "Alhaji, ƙarafan nan ni na ƙera wa yayarka. Ba a ƙera su don a jera a kan yadi ba." Baffa ya miƙe, rigarsa ta kama bakin benci, ya fizge. Yana juya baya na kifa tulluwar Goggo na saki kiɗan mai koyon tafiya, ƙawayenta suka karɓa. Da shi muka raka shi har mota. Na ji daɗi, ba zan ɓoye ba. Na ji daɗi har cikin ƙashina.

Kafin magariba an sauke ƙyallen da ke da sunanta.

Kwana biyu bayan nan ya yi sallama a gidan Goggo da hantsi, shi kaɗai, ba direba. Ina gaban kasko. Ya ajiye ƙarafan a naɗe cikin fatarsu a bakin tabarma. Na warware na duba, duk suna nan. Na ce masa ya zauna, don ko ba komai ƙanen ubana ne. Idonsa ya sauka a kan taga. Ya daɗe yana kallo, sannan ya miƙa hannu ya ɗauko ƙoƙon, basillar tana lilo a jikinsa.

"Wannan ai nawa ne."

"Naka ne, Baffa."

"Me ya fasa shi?"

Ashe bai ma sani ba. Shekara da shekaru tana kallon tsagar nan kullum safe, shi bai ma san ya yi ba. Na faɗa masa: ranar, ƙofar filin, takalminsa. Na faɗa masa dalla-dalla, ban rage komai ba. Ya shafa ɗinkin nan uku da yatsa.

"Ita ta fara?"

"Ita."

"Ɗiyata, don Allah ki ƙarasa mini."

Na iya. Kafin ruwan shayi ya tafasa zan gama shi, ba mai gane inda hannunta ya tsaya nawa ya fara. Na zaro zare daga kwandonta na ajiye a gabansa.

"Ga zare, Baffa, ga basilla a hannunka. Ai kai ma ɗan gidan ne."

Ya juya basillar sama, ya juya ta ƙasa. Bai san ta wane gefe ake sokawa ba. Na mayar da ƙarfen Goggo cikin garwashi na jira ya yi ja, na ci gaba da aikina. Har aka kira azahar yana zaune da ƙoƙon a cinyarsa.

Ya Allah, ga Goggo nan ta zo gare Ka da hannuwa masu tabo. Ka sanyaya mata makwanci kamar yadda ta sanyaya wa mutane ruwan sha, Ka yafe mata zafin bakinta, Ka haɗa ta da iyayenta a gidan rahama. Ni kuma Ka ba ni zuciyar da zan yafe wata rana. Ƙoƙon yana nan a kan taga, ɗinkinsa uku.